Hannun Shu'ibu Masunci

Guri, watan Jimada Ahir, 1375

Daga Shu'ibu ɗan Larai, masunci, zuwa ga Malam Abdulwahid na asibitin Kano.

Gaisuwa mai yawa, da tambayar lafiyarka da ta iyalinka da yadda kake fama da aiki. Mu nan lafiya lau. Ruwa ya ja baya, kifi ya taru a tafkuna, mata suna ta banda.

Na san za ka yi ta juya takardar nan kana neman wane Shu'ibu ne. Kakarka Iya Ma'u da kakana uwa ɗaya uba ɗaya suke, saboda haka abokin wasanka ne ke magana. Ni ne dogon nan da ya ɗora ka a kan goran masunta cikin kogi shekarar da aka kawo ka Guri kana yaro, ka yi ta ihu har mata suka fito. Kolo mai kai banda Kano a jirgin ƙasa shi ya gaya mini yanzu kai ne ke wanke miki kusa da likita Bature. Na ce to, Allah ya yi wa matsoraci rana.

Ga abin da ya sa na neme ka. Tun sanyin bara, in na sa hannu a ruwa da safe sai yatsuna su yi fari fat, su mutu, sai na gasa su a wuta su dawo da zogi. Bana kuma fatar hannun ta yi tauri tana ƙyalli kamar ƙirgin da aka shanya, in ka so ka mintsine ta ba ta kamuwa. Yatsun sun fara lanƙwashewa, biyu sun yi ƙurji a baki. A wuyana da goshina launin fata ya rarrabe, fari da baƙi, kamar an barbaɗa gishiri.

Mutanen gari sun gama yanke hukunci, wai kuturta ce. Ni ban yarda ba. Na san kutare, na yi zama da su, na ci kasuwa da su, nawa bai yi kama da nasu ba. Da maganar gari ce kawai da ban dame ka ba. Amma Umara, yayan matata Hajo, wanda ya rene ta bayan rasuwar ubansu, ya aiko daga Birniwa yana cewa a mayar masa da ƙanwarsa. 'Ya'yanmu uku da ita.

Ka tambayar mini likitanka. Kolo zai dawo da amsa. Wassalam.

Kano, Fabrairu 1956

Zuwa ga Yaya Shu'ibu,

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya kai da Hajo da yara. Mu ma ƙalau, sai dai tarin sanyi da ya kama ƙaramar 'yata, ya kuma sake ta.

Ban manta da kai ba. Wanda ya so ya nutsar da mutum ai ba a manta shi. Ba don Iya Ma'u ba da na ce ka je ka tambayi tarwaɗa.

Na karanta wa likita abin da ka rubuta, ina juya masa da Turanci. Da na zo kan yatsun da ke fari a ruwan sanyi sai ya ajiye abin da ke hannunsa ya ce in maimaita. Bai faɗi sunan ciwo ba, shi ba ya faɗa sai ya ga mutum. Amma ya ba da aikin da za ku iya yi a gida. Ka rufe ido, Hajo ta ɗauki ɗan sili na auduga ta riƙa taɓa wuraren da suka canja launi, da wuraren da ke lafiya, ba tare da ta gaya maka ba. Duk inda ka ji, ka nuna da yatsa. Daga nan ta gwada da tsinin ƙaya. Tabon kuturta yawanci ba ya jin taɓi. Kada ka yi mata wayo ka buɗe ido, na san halinku na bakin ruwa.

Yana kuma son ya san ko girarka ta zube, ko ka taɓa ƙonewa ba ka ji ba, da yadda abinci ke wuce maka a maƙogwaro.

Kafin nan ka rage shiga ruwa da sassafe. Na san kamar na ce ka rage numfashi ne, amma ka rage.

Naka, Abdulwahid.

Guri, bayan ƙaramar salla

Malam Abdulwahid,

Barka da salla, Allah ya karɓi ibada. Ina fatan 'yar taka ta warware sarai. Yara suna gaishe ka, ko da yake ba su san ka ba, na gaya musu kai ne kawunsu mai tsoron gora.

Mun yi gwajin. Hajo ta ɗaure mini ido da ɗankwalinta don ba ta amince da ni ba. Babu inda ta taɓa ban ji ba. Da ta zo kan ƙaya kuwa sai da na ce mata likita ya ce a gwada ne, bai ce a rama tsohon faɗa ba. Girata tana nan. Wuta kuwa ina jin ta fiye da kowa. Sai dai maganar maƙogwaro, likitanka ya san inda ya dosa. Da azumin nan na sha wuya. Tuwo yana tsaya mini a ƙirji sai na bi shi da ruwa, in na kwanta kuma ƙwarnafi ya taso. Bakina ma kamar ya ƙanƙance, lomar da na saba ba ta shiga.

Umara bai tsaya ga aike ba. Ya zo da kansa ya kai magana gaban alkali, ya ce shari'a ta ba mace zaɓin rabuwa da miji mai kuturta. Alkali ya dube ni da kyau, ya sa na buɗe hannu na rufe, ya ce shi ba zai rantse a kan abin da bai tabbatar ba. Ya ba ni shekara guda in nemi magani, sannan a sake zama. Ya tambayi Hajo ra'ayinta, ta sunkuyar da kai ba ta ce komai ba. Kada ka ga laifinta. Umara shi ne ubanta tun tana goye, ba ta taɓa musa masa a gaban mutane ba. Shi ma ba mugu ba ne, uwarsu ce ya gani kuturta ta bar ta da dungu, tsoron bai sake shi ba. A kan hanyar gida kuwa ita ta karɓi sandata ta riƙe mini don ta ga yatsuna sun gaji.

Ni dai hankalina kwance yake. Shekara tana da tsawo, ni kuma na san jikina. Ka gaya mini abin da ya rage in yi.

Shu'ibu.

Kano, Yuli 1956

Yaya Shu'ibu,

Ina gaishe ku da damina, ina fatan shuka ta kama. Nan ma ana samun ruwa.

Amsarka ta faranta wa likita rai, ni ma haka. Ya ce zatonsa ya ƙaru cewa ba kuturta ba ce. Akwai wani ciwo da ba a cika gani ba, wanda ke sa fata da naman da ke riƙe gaɓoɓi su yi tauri, har ya taɓa hanyar abinci. Tun da ya zo ƙasar nan mutum biyu kawai ya gani da shi. Amma ba zan ɓoye maka ba, ya ce wasu ciwukan fata alama ce ta ciwon da ke cikin jini. Bara an kawo mana wani makiyayi daga wajen Kafin Hausa, jikinsa duk kumburi da gyambo, kowa na cewa sammu ne, da aka duba jininsa sai aka tarar sankarar jini ce. Likita ba ya zaton naka irin wannan ne, amma yana so ya gani da idonsa.

Saboda haka ka taho. Za a ɗebi jininka, a ɗan kankari fatar kunnenka a duba ko akwai ƙwayar kuturta, sannan likita zai yanki fatar hannunka kaɗan, bai kai ƙwayar gero biyu ba, ya aika a duba da madubi. Ka hau jirgi a Birniwa kafin ruwa ya datse muku hanya. Ɗakin zaure na gidana yana nan a share.

Abdulwahid.

Kano, Satumba 1956

Yaya Shu'ibu,

Gaisuwa. Mu lafiya, Allah ya sa ku ma haka.

Shiru ya yi yawa. Ban gan ka ba, ban ga takardarka ba, Kolo ma ya ɗauke ƙafa. Fatake sun ce ruwan bana ya wuce na bara, Guri ta zama tsibiri. In ruwa ne ya tsare ka, ba komai, zai janye. In jikin ne ya tsananta, ka sa wani ya rubuto. Duk ran da jirgin Nguru ya shigo sai na aika a duba tasha. Likita ya tambaye ni kai sau da yawa, har na fara jin kunyar amsa masa.

Na ba wani ɗan kamasho wannan, ya ce zai bar ta wurin mai shago a tashar Birniwa.

Abdulwahid.

Guri, watan Mauludi, 1376

Abdulwahid,

Muna lafiya. Ruwa ya ci mana shinkafar fadama rabi, ya rushe katangar bayan gida, amma ba a rasa rai ba.

Takardunka biyu sun zo, ta farkon a jiƙe, don kwalekwalen da ya ɗauko Kolo ya sha ruwa a mashigi. Na shanya ta a kan murhu na karanta abin da ya saura. Ya ishe ni. Na ga inda ka rubuta likita zai yanke hannuna, ya aika a duba da madubi. Na kai wa liman ko idona ne, shi ma haka ya gani.

Ka ji ni da kyau. Hannun nan ya lanƙwashe, amma nawa ne. Da shi nake ɗaure ƙugiya, da shi nake alwala, da shi nake rubuta maka wannan. In don in nuna wa Umara ni ba kuturu ba ne sai na koma mai dungu, to me aka yi ke nan? Na yi zaton ka tsaya mini a matsayin ɗan'uwa, ashe zama da Turawa ya sa ka fara ganin mutum kamar ragon layya, wannan yanki na wane, wancan na wane.

Ban gaya wa Hajo dalili ba da farko, na ce ruwa ne ya hana ni tafiya. Da ta matsa na faɗa mata. Ita ce ma ta sa na rubuto, ta ce mutumin da ya share maka ɗaki ba a yi masa shiru, ko zagi ne a aika masa. To ga shi na aiko.

Ba zan zo ba. Zan tsaya gaban alkali da hannuwana biyu.

Shu'ibu.

Kano, Nuwamba 1956

Yaya Shu'ibu,

Na gode wa Allah da kuke raye, na kuma gode wa Hajo. Allah ya mayar da abin da ruwa ya ci.

Na karanta takardarka na yi fushi, na sake karantawa na yi dariya har matata ta leƙo. Kogin naku bai ƙoshi da shinkafa ba sai da ya cinye mini kalmomi. Abin da na rubuta shi ne likita zai yanki fatar hannunka kaɗan. Fata, Yaya, ba hannu ba. Ƙaya ta kifi ta sha yi maka ɓarnar da ta fi wannan ba ka kai ƙara ba. Me likita zai yi da hannun masunci, miya zai yi da shi?

Wannan karon ban dogara ga tawada ba. Na zaunar da Kolo na faɗa masa da baki, na sa ya maimaita, na kuma nuna masa wani dattijo da aka yi wa irin wannan yankan, ya ga tabon da idonsa. Ka tambaye shi.

Maganar ragon layya na bar ta, bashin wasa ne, zan rama in ka zo. Amma ka sani sanyi ya kusa, shi ne abokin gabar yatsunka, kuma shekarar da alkali ya ba ka ta wuce rabi. Ka biyo Kolo. In ka ga wuƙar da ta fi ta aski girma, ka tashi ka tafi, ni zan riƙe maka ƙofa.

Abdulwahid.

Kano, Janairu 1957

Zuwa ga Hajo, matar yayana, ta hannun liman.

Ina gaishe ki da gida da yara, da ɗawainiyar da kike yi ke kaɗai. Mai gidanki yana nan lafiya, ya hana kowa sakat a ɗakin majinyata da labarin kifi. Ya so ya rubuto da kansa, amma hannun daman yana naɗe, shi ya sa na karɓa.

An yi duk abin da aka ce za a yi. Da aka gama yankan sai ya tambayi likita yaushe za a fara. Sakamako ya dawo, zan faɗa miki shi yadda yake, don na ga ke ba mai son a rufe miki magana ba ce.

Babu kuturta a jikinsa. Jininsa kuma lafiya yake, babu sankara. Ciwon shi ne wanda likita ya zata, mai sa fata tauri. Ba ya yaɗuwa. Ku ci a kwano ɗaya, yara su hau jikinsa, babu abin da zai same su.

Amma ba shi da maganin da ke raba mutum da shi. Wani yakan tsaya inda ya kai, wani yakan ci gaba har ya taɓa huhu ko ƙoda. Likita ya saurari ƙirjinsa ya ce a yanzu bai ji abin tsoro ba, yana so ya riƙa ganinsa duk shekara. Abin da ke hannunku shi ne ɗumi. Ya rufe hannu da ƙafa in sanyi ya sauka. Ki riƙa shafa masa man kaɗanya kina miƙar da yatsun safe da yamma ko yana ƙorafi. Abinci mai laushi, kaɗan kaɗan, kunu da fate da kifi, kada ya kwanta da cikakken ciki, a kuma ɗaga masa wajen kai.

Mai wuyar ita ce ta ƙarshe. Likita ya ce ya bar shiga ruwa. Na juya wa mai gidanki maganar da Hausa. Sai ya ce, "Tambaye shi, bakin ruwa fa?" Likita ya ce bakin ruwa nasa ne.

Zai taho da Kolo. Na san nauyin da ke kanki game da Yaya Umara, ba zan gaya miki abin da za ki yi ba. Na dai ga ya kamata ki san gaskiyar duka kafin ranar zama, mai daɗin da marar daɗin.

Ƙaninku, Abdulwahid.

Guri, watan Zulƙida, 1376

Malam Abdulwahid, ɗan'uwana,

Gaisuwa da godiya, gare ka da mai ɗakinka wadda ta ciyar da ni kunun gyaɗa har na yi kumatu. Ka gaishe da likita. Mu nan lafiya, ruwan farko ya sauka, ana ta gyaran gona. Za ka ga rubutun ya canja. Liman ne ke rubutawa ina faɗa, alƙalami ya fara zame mini.

An yi zaman. Umara ya zo da mutanensa, ni ma na je da nawa. Na faɗi abin da aka yi mini a Kano, Kolo ya ba da shaida, alkali ya sa aka karanta masa bayanin likita. Ya ce tunda ba kuturta ba ce, ƙarar ta faɗi. Da an tashi a nan da shi ke nan. Sai Umara ya miƙe ya ce ya ji, amma ciwon da ba ya warkewa fa, wa zai ciyar da ƙanwarsa in mijinta ya bar ruwa? Maganar gaskiya tambayar tana kan hanya, ni kaina na sha yi wa kaina ita.

Ban kai ga buɗe baki ba Hajo ta nemi izini. Ta yi magana, kowa ya ji. Ta ce, "Yaya, kai ka rene ni, ban taɓa ƙetare maganarka ba. Wancan zaman na yi shiru don kunyarka, shirun ya dame ni shekara guda. Na san ba zai warke ba, an gaya mini tun kafin ya dawo. Ko kuturtar ce ma ban ce a raba ni da shi ba."

Umara ya zauna. Bai yi fushi ba, ya share ido da hannun riga, ya ce me ya hana ta faɗa tun farko. Ta ce bai tambaye ta ba. Alkali ya yi murmushi ya sallame mu. Umara ya kwana biyu a gidana, kafin ya tafi ya tsaya aka gyara mana rumbu, ya ce zai aiko da tumaki biyu Hajo ta yi kiwo.

Game da ruwa, na cika alkawari. Ranar babban su na tafkin gabas, ranar da duk gari ke fita kamun kifi, na je na tsaya a gaɓa, hannuwana cikin tsumma kamar jariri. Ba zan yi maka ƙarya ba, da aka buga ganga mutane suka faɗa ruwa da gorunansu, ƙafata ta motsa da kanta. Na daure. Daga inda nake na ga yadda ruwan ke murɗawa wajen kainuwa, na ƙwala wa 'yan unguwarmu kira su zagaya ta can. Abin da suka fitar ranar sai da aka nemo jaki. Yanzu masunta uku suna aiki da komata da jirgina muna rabawa, Hajo tana banda, Kolo yana kai wa Kano. Ba mu kai da ba, amma ba mu nemi na kowa ba.

Yatsun hagu sun ƙara lanƙwashewa, na dama suna nan inda ka bar su. Ƙurajen sun rufe. Hajo tana miƙar da su da ƙarfin da ban san tana da shi ba. Ban san abin da ciwon nan ya tanadar mini ba, shi ma bai san irin mutumin da ya kama ba. In kaka ta yi zan zo likita ya saurari ƙirjin.

Liman ya ce ya gaji, wai na fi mai wa'azi tsawon magana. Na ce ya bar mini wuri a ƙasa. Sunan da za ka gani ni na rubuta shi da hannuna. Ya ɗauke ni lokaci, ya kuma karkace, amma ba wanda ya riƙe mini.

Shu'ibu.